Jirgin Mai Baki Ya Fi Gudu

A busa kakaki, a ɗaure tambura, masu algaita su gyara kumatu. Yau ranar yabo ce, wanda kuma hassada ta hana shi yabon gwani sai ya ja gefe ya ba maroƙa wuri. Mun daɗe muna zaune da abin al'ajabi a tsakiyar Kano ba mu gode ba, kullum sai ƙorafin ruwa da wuta da kuɗin mota, kamar mutanen da ba a taɓa yi wa alheri ba. Abin al'ajabin nan kuwa shi ne jirgin ƙasan cikin gari, ɗan lelen gwamnatoci, angon allon talla, farin wata sha kallo, ingarman da ba a taɓa jin haniniyarsa ba saboda tsabar natsuwa.

Ku matso mu ƙirga baiwar da Allah ya yi masa. Tun 2016 da aka sa hannu a kan kwangilarsa, jirgin nan bai taɓa makara ba ko da minti ɗaya. Bai taɓa sauka daga kan dogo ba. Bai take akuyar kowa ba, bai firgita jakin kowa ba, bai tashi jinjiri daga barci ba. Ba a taɓa yanke wa fasinja aljihu a cikinsa ba, ba a kuma taɓa jin kwandasta ya yi wa dattijo rashin kunya a kan canji ba. Ana ta zuzuta mutanen Japan, wai in jirginsu ya yi latti kaɗan sai hukumar jirgin ta fito ta ba da haƙuri. To mu namu bai taɓa aikata abin da za a ba da haƙuri a kansa ba. Tsakanin mai laifi yana tuba da wanda bai taɓa laifin ba, wa ya fi daraja?

Ɗan sarauta ba a yabonsa sai an ja salsala, saboda haka ga asalinsa. A zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje aka ƙulla yarjejeniya da kamfanonin China a kan dala biliyan 1.85. Za a shimfiɗa layuka huɗu masu tsawon kilomita 74 da ɗoriya su ratsa birni da kewaye, kashi 85 cikin 100 na kuɗin kuma rance ne daga bankin China. Kuɗin nan ya zarce kasafin jihar na shekara guda ɗungurungum, da albashi da asibiti da makaranta da taki da komai. Wannan ita ake kira zuciya. Ƙaramin mutum ne ke laluba aljihu kafin ya taya doki. Babban mutum yakan taya, a sallama masa, a buga masa tambari, a ɗauki hoto, daga baya in an sami sarari a tambayi inda kuɗin suke.

Ba za a gane girman wannan natsuwa ba sai an tuna irin garajen da aka yi a da. Turawan mulkin mallaka, mutanen da ba a koya wa cewa gaggawa aikin Shaiɗan ce ba, sun faro dogo daga Baro a bakin kogin Kwara, mil 350 da ɗoriya, cikin shekara huɗu kacal suka iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas. Da diban gwamna aka yi shi. Kakanninmu ne suka ɗauki ƙasa a ka cikin kwando, wasu ba su koma gida ba, kuma ba don ƙaunarmu aka yi ba, don auduga da fatu su isa bakin teku ne. Amma dubi abin da garajen ya jawo mana. Ba a jima ba gyaɗa ta cika tasha har jirgi ya kasa kwashewa, daga baya buhuna suka yi ta hawa kan juna har suka zama dala. Fagge ta cika da fatake, Sabon Gari ta kafu, baƙi suka yi ta tuɗaɗowa, gari ya rasa sakat saboda ciniki. Layi ya miƙe har Nguru, wani ya tashi daga Zariya ya nufi Ƙaura Namoda. Duk wannan hayaniya jirgi mai motsi ne ya kawo ta. Shugabanninmu na yau, Allah ya ƙara musu basira, sun karanta tarihi, sun ga abin da jirgi ke yi wa gari idan aka sake shi, sai suka ɗaure nasu a takarda, inda ba zai dami kowa ba.

Ita ma En'e, wato ƙaramar hukumar wancan zamani, ba ta san girma ba. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin Baitulmalin Kano, harajin talakawa da jangali, aka jawo ruwa daga Challawa, aka kawo wutar lantarki, aka buɗe a farkon shekarun 1930. Ka ji ƙaramin tunani. Wai a duba abin da ke cikin baitulmali, a zaɓi aikin da kuɗin za su iya, a yi shi, a gama, mutane su murɗa famfo su sha. Ina ɗaukaka a cikin aikin da ke ƙarewa? Aikin da aka gama sau ɗaya ake bikinsa. Wanda ba a fara ba kuwa, kowace gwamnati tana da rabon bikinsa, kowane zaɓe yana da ango.

A nan ne ya wajaba mu sauke rawani mu gaishe da magadan En'e, shugabannin ƙananan hukumomi, ginshiƙan goyon baya, masu biyayya ba tambaya, bangon da ba ya tsagewa ko an jingina masa tiriliyan. Ranku ya daɗe, ciyamomi! Ƙananan hukumomi arba'in da huɗu ne a Kano, takwas daga ciki su ne birni da kewaye: Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso, Ungogo. Al'adarsu ce mai kyau, da su da takwarorinsu na sauran jihohi, duk ranar da aka ambaci babban aiki daga sama, kafin tawadar sanarwa ta bushe goyon bayansu ya fito, ɗari bisa ɗari, a madadin ɗaukacin al'umma, maza da mata, har da waɗanda ba su ji labarin ba. Ba sa ɓata wa gwamna lokaci da tambayar ta ina layin zai bi, gidan wa za a rushe, nawa za a biya diyya, nawa ne kuɗin tikiti, wa zai cike giɓi in kuɗin tikiti bai riƙe jirgin ba. Irin waɗannan tambayoyi na marasa tarbiyya ne. Ɗan halak in babba ya yi magana, "Allah ya ba da sa'a" yake cewa.

Dubi ciyaman na wannan zamani, gagarabadau, namijin duniya, mai sa hannu ba ya karantawa saboda amana. Kwalbatin ƙofar sakatariyarsa ta rufta tun daminar bara. Asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarsa ba ko auduga, ungozoma da fitilar waya take karɓar haihuwa. Burtsatsen da aka ƙaddamar da kiɗa ya ƙafe, shara ta toshe magudana, in hadari ya haɗo matan unguwa sai su fara ɗora katifa a kan kujeru. Wani mai ƙaramar zuciya da sai ya tsaya a kan waɗannan ƙananan abubuwa, har ya ce ai su ne aikin da aka zaɓe shi ya yi. Shi kuwa bajimin ya ɗaga kai sama da kwata, ya hango tarago mai sanyi yana shawagi a kan gadar sama, ya ce ya goyi baya. Ko a cikin waliyyai ba kowa ke iya kawar da ido daga abin da ke gabansa haka ba.

Ga kuma karamci, wanda ba a jin irinsa sai a labarin mutanen da. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi yana faɗawa cikin asusun haɗin gwiwa da jiha, asusu mai albarka wanda ya sauƙaƙa wa ciyaman kyauta har ba ya buƙatar sanin ya yi ta. Ana cewa mafificiyar sadaka ita ce wadda hannun hagu bai san dama ya bayar ba. A nan hannun daman ma bai sani ba. Mutumin Doguwa da na Kunci da na Sumaila, wanda ko an yi jirgin ba zai ji ƙararsa ba sai ya biya kuɗin mota ya zo birni, shi ma an ba shi damar samun lada. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta nemi ta ɓata wannan zumunci, ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kuɗinsu kai tsaye. Alhamdu lillahi, zumuncin da aka daɗe ana ginawa ba ya rushewa da takarda guda. An karɓi hukuncin hannu bibbiyu, an yaba, an kafa kwamiti, an ajiye shi a wuri mai daraja kusa da zanen jirgi.

Kada mu manta da 'yan majalisun jihohinmu, masu girma, zaɓaɓɓu, gwanayen amshi waɗanda ko marigayi Shata bai sami irinsu ba. Wasiƙar neman izinin rance takan shigo zaure da hantsi, a karanta, wani ya miƙe ya yaba, wani ya miƙe ya goyi bayan yabon, a buga guduma, kafin azahar ta fita da albarka. A wasu ƙasashe, in ji masu yawo, irin wannan takarda sai ta yi watanni ana tankaɗe da rairaya, ana kiran masana, ana sauraron jama'a, ana jayayya a kan kuɗin ruwa. Wahalar banza. Mu mun raba aiki: takarda ta yi gudu, jirgi ya huta. Ai dama Bahaushe ya ce dokin mai baki ya fi gudu, kuma duk wanda ya ga yadda rance ke ratsa majalisa ya san mun riga mun mallaki jirgi mafi sauri a Afirka.

Kowane alheri yana da maƙiya. A 2020, ana tsakiyar annobar korona, kasuwanni a rufe, farashin ɗanyen mai ya faɗi, jihohi suna zaftare kasafinsu, a daidai wannan lokaci mai kyau aka taso da maganar rancen yuro miliyan 684 daga China don kashin farko na aikin. Jarumi ke nan, wanda ba ya neman bashi sai ranar da aljihu ya fi bushewa. Sai ga wasu dattawan Kano, a gabansu marigayi Alhaji Bashir Tofa, Allah ya jiƙansa, sun fito sun ce ba su yarda ba, wai bashin zai danne jihar shekaru masu yawa, wai akwai buƙatun da suka fi wannan matsa wa jama'a. Dattawa ne masu mutunci, sai dai sun kamu da ciwon lissafi, ciwon da kan sa mutum ya riƙa tambayar yadda za a biya tun kafin a karɓa. Sun manta bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sun manta kuma da haƙƙin jikoki. Wasu iyaye gona suke bar wa 'ya'yansu, gona kuwa ana iya sayarwa, ana iya yin shari'a a kanta, wani mai ƙarfi yana iya ƙwacewa. Bashi fa? Ba a taɓa jin wanda ya yi wa maraya ƙwacen bashi ba. Gado ne tabbatacce, jariri yana faɗowa ya tarar da kasonsa yana jiransa, har ya yi 'ya'ya.

Wani abin mamakin, jirgin nan yana kwance yana ƙiba. A ƙarshen 2016 dala tana wajen naira 305 a farashin gwamnati, wato kuɗin aikin ya kama naira biliyan 560 da wani abu. A 2024 dala ta haura naira 1,500, kuɗin ya doshi tiriliyan 2.8. Ninki kusan biyar, ba dusa, ba harawa, ba kuɗin likitan dabbobi. Masu kiwon sa na Wudil da Ɗambatta su zo su ɗauki darasi. Wace dabba ce za ka ɗaure shekara takwas ba ka ba ta ko ruwa ba, ka dawo ka tarar ta ninka biyar?

Masu gunaguni sukan kawo maganar 'yan fansho. Gaskiya ne gwamnatin da ta hau a 2023 ta ce ta gaji bashin garatuti na naira biliyan 48, ta kuma shiga biya kashi-kashi. Ina da maƙwabci, tsohon malamin firamare, shekara 35 yana riƙe da alli, ya yi ritaya ya jira haƙƙinsa har idonsa ya fara hazo. Kullum da fayil a hammata, kullum ana tantance shi, har ya zama babu wani ɗan Adam da aka tabbatar yana raye sau da yawa kamarsa. Na ce masa, Malam, ka yi murna, ranar da jirgi ya fara aiki cikin minti kaɗan za ka isa wurin tantancewa. Ya dube ni bai ce komai ba, na san daɗi ne ya hana shi magana. Sukan kuma kawo maganar makarantu, tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf da bakinsa, lokacin da ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ya ce yara miliyan 4.7 ne ke zama a ƙasa a azuzuwa. To ai an yi musu tanadi. Duk wanda ya kalli zanen jirgin ya ga kujeru masu laushi jere reras. Zaman da ba su yi a aji ba za su rama shi a tarago.

Jirginmu ba shi kaɗai ba ne a dangi, gidansu gidan sarauta ne. Babban wansa yana Abuja. An ba da kwangilarsa a 2007, ya ci sama da dala miliyan 800, miliyan 500 daga ciki rancen China, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi a watan Yulin 2018. Kilomita 45, tashoshi 12. Hikimar da aka zuba wajen zana hanyarsa ta isa a koyar da ita a jami'a. Ma'aikatan Abuja, masu shara da masinjoji da ƙananan akawuna, dubbansu daga Nyanya da Karu da Mararraba suke fitowa tun asuba, su cushe a hanya guda. Sai aka kawar da jirgin daga wannan rututu don kada a ɓata masa fenti, aka bi da shi ta Idu zuwa filin jirgin sama, reshe guda ya nufi Kubwa, aka dasa wasu tashoshin a cikin daji ba tare da hanyar mota da za ta kai mutum ba, don duk wanda ya isa a san da gaske yake. Bai cika shekara biyu yana aiki ba korona ta zo a 2020, ya kwanta. Korona ta tafi, kasuwa ta buɗe, makaranta ta buɗe, filin ƙwallo ya buɗe, shi kuwa saboda tsantseni ya ci gaba da killace kansa har shekara huɗu, ɓarayin waya suna yi masa hidima. Bashin ne kawai bai kwanta ba. A watan Mayun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe shi, aka ce a hau kyauta. Jirgi ɗaya, biki biyu, shugaban ƙasa biyu. Wace amarya ce ta taɓa samun wannan gata?

Akwai ɗan'uwansu a Fatakwal, mai tafiya a kan dogo ɗaya bisa ginshiƙai, wanda Gwamna Rotimi Amaechi ya faro. An zuba biliyoyi, an kafa ginshiƙan a tsakiyar gari, an yi ɗan guntun layi, gwamnatin da ta biyo baya ta ce ba da ita ba. Ginshiƙan suna nan suna ba da inuwa. Ƙasa kuwa ba ta manta da gwaninta ba, a 2015 aka naɗa mai aikin ministan sufuri na tarayya baki ɗaya.

Amma in ana maganar kamala, sai a tsallaka iyaka a durƙusa wa 'yan'uwanmu na Nijar. Tun zamanin Faransawa suke jiran dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku cikin ƙasar Benin. A watan Afrilun 2014 aka buɗe tashar jirgi a Yamai, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa dogo kilomita wajen 140 zuwa Doso, Shugaba Mahamadou Issoufou ya ƙaddamar da shi a watan Janairun 2016, ana saura 'yan makonni zaɓe, abin da ba shakka dacewa ce kawai. Ga dogo, ga tasha, ga tuta, sai dai daga Doso bai haɗu da komai ba, shari'a ta tsayar da ɓangaren Benin, jirgin bai shiga jigilar fasinja ba. Su sun nuna ana iya shimfiɗa ƙarfen ma a ƙasa ba tare da an dami kowa da tafiya ba. Duk da haka ina ganin namu ya fi tsafta. Nasu yana tsatsa a rana, namu ko ƙura ba ta taɓa shi sai an buɗe durowa.

Legas ce kawai ta zubar da mutuncin gidan. Ta fara da kyau, ta riƙe layinta shekara goma sha wani abu ana ɗaga ranar buɗewa, har muka ɗauka 'yar gida ce. Sai a watan Satumbar 2023 ta saki jirgi daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, mutane na gaske suna shiga da ƙafafunsu suna fita a wani wuri. Me ya biyo baya? Ƙorafin kuɗin tikiti, ƙorafin cunkoso, ƙorafin jira a tasha. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Mu ba wanda ya taɓa kuka da tikitinmu.

Talakan Kano kuma, wanda don shi ake duk wannan ɗawainiya, ba a bar shi haka ba. Tun 2013 aka hana acaɓa, ya koma adaidaita sahu. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta tsallake 1,000. Sai ga lebura daga Bachirawa yana sammako da ƙafa zuwa kasuwar Singa, ɗalibar Kumbotso tana lissafin ranakun da za ta iya zuwa makaranta a mako, magidanci daga Rijiyar Zaki yana raba albashinsa biyu, rabi na cefane rabi na mai adaidaita. Likitoci sun daɗe suna roƙon mutane su riƙa tattaki. Abin da wa'azin likita ya kasa, hangen nesan shugabanni ya yi shi cikin wata guda. Wanda kuma ya samu ya hau, yana da sa'a guda cur a cunkoson Kurna ko na 'Yankura da zai yi istigfari, ya shaƙi hayaƙi, ya ɗaga kai ya kalli inda jirgi zai wuce in Allah ya yarda. A watan Oktoban 2024, da wuta ta ɗauke a Arewa fiye da mako guda, injin niƙa ya tsaya, masaƙa ta tsaya, masu ƙanƙara suka tafka asara, firjin asibiti ya huce. A duk faɗin Kano jirginmu ne kaɗai bai fasa komai daga abin da ya saba yi ba.

Akwai wasu masu ƙaramin buri da ke yawo da shawarwari marasa armashi. Wai a sayi manyan motocin bas masu yawa, a ware musu layinsu a manyan tituna, a riƙe su da gyara. Wai ga tsohon dogo nan ya ratsa gari tun daga Challawa har ya fita ta Jogana, a zauna da hukumar jiragen ƙasa a gyara shi, a sa 'yan taragu suna kai da kawowa safe da yamma. Wai in ma sabon layin za a yi, a fara da guda ɗaya inda jama'a suka fi yawa, a buga yarjejeniyar a jarida kowa ya karanta, a faɗi kuɗin ruwa, a faɗi shekarun biya, a faɗi abin da za a cire daga kason kowace ƙaramar hukuma, kansiloli su kira taron unguwa su ji ta bakin mutane. Subhanallahi! Ina tafiya China a cikin wannan? Ina tawaga, ina otal, ina hoto da hular kwano? Bas ai kowa ya san kamarta, in ba ta zo ba ranar Litinin za a gane. Wa zai bar aikin da ba a iya kama shi da laifi ya rungumi wanda talaka zai iya tsayawa a bakin titi ya ƙirga?

Yanzu dai ga abin da ke hana ni barci. A kasafin tarayya na 2025 an ware naira biliyan 150 don jirgin cikin garin Kano, da biliyan 100 don na Kaduna. Ina jin tsoron kada wani mai zafin kai ya ɗauki abin da gaske ya zubar mana da tarihin da muka daɗe muna tarawa. Saboda haka nake roƙon masu girma, iyayen ƙasa, garkuwan talakawa, hasken sakatariya, inuwar giginya, su riƙe al'ada. A kafa sabon kwamiti ya duba rahoton tsohon kwamiti. A ɗauko sabon mashawarci ya sake zanen, a sauya wa taragon launi ya dace da hular zamani. A tura tawaga ta gano yadda ake yi a ƙasashen waje, ta dawo ta huta, a tura wata ta tabbatar. Idan zaɓe ya matso a kafa rumfa, a kawo buldoza guda a wanke ta, a aza harsashi, ciyamomi su jeru da manyan riguna su sabunta goyon baya, a raba lemo, a watse. 'Yan ga-ruwa suna nan da kurarsu za su kawo ruwan da za a kwaɓa simintin harsashin, tun da famfon unguwar ba ya zuwa.

Kai kuma mai karatu, in ka bi ta Bata gobe da yamma, ka rage murya, ka gyara hula, ka gaishe da sarari. Yaron da aka haifa a shekarar da aka sa hannu a kan kwangilar nan ya daɗe da shiga firamare, yana zaune a ƙasa, ya iya rubuta "jirgin ƙasa" ba kuskure. Daga 2016 zuwa yau ba a sayar wa Bakano ko ɗaya tikitin jirgin cikin gari ba.